Lambar da Pak Gunarso Ya Rubuta

Ranar Juma'a da ƙarfe tara da rabi na safe aikin ya sake mutuwa, karo na goma sha ɗaya tun Talata. Idona na kan allo lokacin da koren layin ya kai kashi tamanin da uku cikin ɗari, ya tsaya cak, ya koma ja. Ban san sanda na daki tebur ba, har shayin Mas Danang, abokin aikina da muke haɗa tebur, ya fantsamar masa a wando.

"Haba Kinanti, ni na kashe shi?" ya ce, yana goge cinya da takarda. "Wandon Juma'ata ne fa. Ki je ki daki na'urar, tana can ɗakin sanyi tana hutawarta."

Ban ko kalle shi ba. Kwana uku ke nan jikina ya ƙi zama wuri ɗaya. In zauna, in miƙe, in leƙa taga, in dawo in tarar da allon yadda na bar shi.

Mu bakwai ne a kamfanin, a saman wani shagon fenti a birnin Semarang da ke bakin teku. Aikinmu guda ɗaya ne. Muna tattara awon teku da na ruwan sama daga ma'aunan da aka kakkafa a bakin gaɓa, manhajarmu ta tace su, ta tura saƙo zuwa wayoyin masu kula da injinan janye ruwa a unguwannin arewa: ƙarfe kaza teku zai hau, ku kunna. Tun Talata saƙo bai fita ba. Mutanen can da ido suke auna ruwa suna kunna inji, ga shi gobe Asabar wata zai cika, lokacin da teku ya fi rashin mutunci.

Abin da ya jawo mana ba ɓoyayye ba ne. A farkon wata aka ƙara ma'aunai sittin, bayanan suka ninka, manhajar ta fara kukan memori ya ƙare. Memori shi ne filin da na'ura ke baje aiki a kai yayin da take yinsa. Babbar na'urarmu giga talatin da biyu gare ta, kuma a cikin wani fayil akwai layi ɗaya da ake rubuta nawa za a yanka wa manhajar daga ciki. Shekara tara ke nan lambar da ke wurin sha shida ce, kuma Pak Gunarso ne ya rubuta ta da hannunsa.

Pak Gunarso shi ya gina komai a ofishin nan, tun ba mu da na'urar sanyaya ɗaki. Shekarunsa sittin da ɗaya, kowa Pak yake ce masa, wato Baba. Shi ya ɗauke ni aiki lokacin da na zo daga garinmu Blora da takardar makaranta a jaka, kai kuwa fayau. Ya zaunar da ni gefensa wata shida yana nuna mini abu da babban yatsa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Nduk yake ce mini, yadda uba ke kiran 'yarsa. Ina ƙaunar tsohon nan, ban ga abin ɓoyewa ba.

Ranar Talata ya mayar da lambar ashirin. Aikin ya mutu. Ya mayar da ita ashirin da huɗu, ya mutu. Laraba ashirin da shida, sannan ashirin da takwas. Alhamis talatin. Kowane karo sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Yunwa take ji. A ƙara mata."

Ni kuwa tun ranar Laraba na lura mutuwar ta sake kama. Da farko manhajar kan yi dogon kuka, shafi guda na ƙorafi, kafin ta faɗi. Daga ashirin da takwas kuwa babu ko tari. Kalma ɗaya take fitowa, cewa an kashe ta, sai lamba 137. Wannan ba yunwa ba ce. Na'urar ce da kanta take shaƙe manhajar, domin an ba ta kusan duka filin, ita na'urar ba a bar mata wurin juyawa ba. Asalin ciwon ma yana layi na biyu, inda aka rubuta kashi nawa za a yanka bayanan kafin a fara. Hamsin ne, tun shekara tara. Bayanai sun ninka, kowane yanki ya yi ƙaton da ba ya haɗiyuwa. Maganin layi biyu ne kacal: a yanka ɗari huɗu, a rage memorin zuwa ashirin da biyu. Ko minti ɗaya ba zai ci ba.

Sai dai lambobin biyu duk nasa ne. Ƙarami ba ya rage abin da babba ya ƙara, balle a gaban mutane. Fayil ɗin kuma ba ya mantuwa, kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe da ranar da ya taɓa. In na gyara, har abada za a riƙa ganin Gunarso ya ƙara, ya ƙara, ya ƙara, Kinanti ta zo ta rage. Abin da aka saba shi ne ka ajiye wa babba shawara kusa da hannunsa, ya tsince ta da kansa, ta zama tasa. Na gwada. Laraba na buga shafin da ke bayanin lamba 137 na ajiye masa a tebur. Da na wuce da la'asar, na tarar ya ɗora kofinsa a kai don kada ya jiƙa katako. Alhamis na rage tsayi a gefensa na ce, "Pak, ni fa ban gane ba, ita na'urar da kanta ba ta cin memori ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Kaɗan take ci, Nduk. Kada ki damu kanki." Na koma wurina ina cizon leɓe.

To, da aikin ya mutu a safiyar nan, sai ƙofar gilashi ta buɗe, shugabarmu Bu Winarsih ta fito riƙe da waya. Matar nan ba ta faɗa. In ranta ya ɓaci muryarta ƙara laushi take yi, shi ya sa na san akwai matsala da na ji yadda ta fara.

"Pak Gun, ka yi haƙuri, na san ka gaji. Mutanen injina sun kira sau huɗu tun safe. Na yi magana da wani masani a Jakarta. In ƙarfe biyu ta yi saƙo bai fita ba, zai shigo na'urar daga can. Daga Litinin kuma shi zai riƙe ta. Kai sai ka ɗan huta, ka riƙa duba mana takardu."

"Babu komai, Bu," in ji Pak Gunarso, har da ɗan rusunawa. "Zai fita in sha Allahu."

Kowa ya sunkuyar da kai kan allonsa. Duba takardu! A ofishin da takardar da muke da ita ba ta wuce kalandar bango ba. Duk mun san abin da take nufi, shi ma ya sani. Ina kallonsa ya goge talatin ya rubuta talatin da ɗaya, ya sake kunnawa da ƙarfe goma saura kwata.

Aikin yakan ci awa ɗaya da minti arba'in da biyar in zai kai ƙarshe. Na yi lissafi a raina, na sake yi, na tashi na zuba ruwan da ban sha ba. Da ƙarfe goma mai soyayyar ayaba ta hawo da tirenta, muka kewaye ta. Na ce a raina bari in yi gwaji na ƙarshe.

"Ni dai jiya mahaifiyata ta ba ni dariya," na ce, ina ɗaga murya yadda zai ji. "Ta cika tukunya da shinkafa har baki, wai baƙi da yawa. Tana tafasa murfi ya tashi, ruwa ya kashe wutar. Na ce Ibu, ai sai kin bar mata wurin tafasa, ko ki dafa sau biyu."

Pak Gunarso ya tauna ayabarsa a hankali, ya gyaɗa kai. Na ɗauka ya gane. Sai ya ce, "Ki saya mata babbar tukunya, Nduk. Uwa ai ba a yi mata rowa."

Mas Danang ya ƙware da dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Ya biyo ni bakin taga yana share hawaye.

"Yaushe mahaifiyarki ta zo daga Blora ban sani ba?"

"Rufe mini baki, Mas."

"Na rufe. Amma ke kin san wani abu. Tun shekaranjiya kike zagaye ofis kamar kazar da ke neman wurin ƙwai."

"In na sani, kai za ka faɗa masa?"

Dariyar ta ɗauke. Ya waiwaya ya dubi ƙeyar tsohon. "Ni? Shi ya tsaya mini a ɗaurin aurena. Allah ya kiyaye. Ke dai ki ci gaba da dafa shinkafa."

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma aikin ya mutu. Tamanin da uku, kalma ɗaya, 137. Pak Gunarso ya daɗe yana kallon allon. Babu sauran abin ƙarawa sai giga ɗaya tak. Na ce yanzu kam zai tsaya ya yi tunani, yanzu zai juyo ya ce Nduk me kika gani. Wallahi da ya tambaya da na faɗa. Bai tambaya ba. Ya rubuta talatin da biyu, duk abin da na'urar ta mallaka, ya kunna, ya ɗauki hularsa.

"Mu je masallaci," ya ce wa mazan. "Mun yi namu, sauran na Allah ne."

Suka sauka. Bu Winarsih ta ja ƙofarta tana waya, ɗayar matar da muke aiki tare kuma ta tafi neman soto, romon da take sha da rana. Aka bar ni da ƙarar na'urar sanyi da allon Pak Gunarso, wanda bai taɓa kullewa ba tunda na san shi.

Na san wannan ma zai mutu, babu ko tantama. In ya mutu wajen ɗaya saura kwata, babu lokacin wani kafin ƙarfe biyu. Duk wanda zai yi wani abu sai ya yi kafin sha biyu da kwata. Na je taga na dawo. Na zauna a wurina na buɗe fayil ɗin, na ga sunana a ƙasan allo, na rufe. Na je banɗaki na wanke fuskar da ba ta yi datti ba. Haushi nake ji, haushinsa, haushin Danang, haushin kaina da na kai shekara talatin da biyu ina ba da labarin tukunya maimakon in buɗe baki. Lasifikar masallaci ta fara huɗuba. Agogo ya nuna sha biyu saura minti goma.

Sai dabara ta zo mini, na kuma ɗauka mai kyau ce. In daga teburinsa aka yi gyaran, sunansa fayil zai rubuta. Bu Winarsih za ta ga shi ya gano, mutumin Jakarta ya zauna a Jakartarsa, babu wanda aka kunyata.

Ban zauna a kujerarsa ba, a tsaye na sunkuya. Na tsayar da aikin da ya kunna. Na goge talatin da biyu na sa ashirin da biyu. Na goge hamsin na sa ɗari huɗu. Sau biyu ina kuskuren danna madanni. Na kunna, na mayar da komai yadda ya bar shi, har da karkacewar tabarmar linzamin kwamfutarsa, na koma wurina na haɗa hannuwa a cinya kamar mutuniyar kirki.

Ɗaya saura kwata suka dawo. Mas Danang ya leƙa babban allon bango ya ce, "Kai, har yanzu da ransa! Hamsin da biyu." Sauran suka ja kujeru suka zuba ido. Pak Gunarso ya rataye hularsa, ya dubi allon, ya dubi agogon hannunsa. Ya sake duban allon. Aikin da aka kunna sha ɗaya da minti ashirin ya kamata a ce ya kai tamanin yanzu, kuma mutumin da ya yi shekara tara da manhajar nan ya san tafiyarta kamar numfashinsa. Ya zauna ya buɗe fayil ɗin. Daga inda nake bayansa kawai nake gani. Bai motsa ba, bai waiwayo ba.

Saba'in. Saba'in da takwas. Tamanin da ɗaya, tamanin da biyu, tamanin da uku. Layin ya ɗan tsaya. Tamanin da huɗu.

Ofis ya kaure. Mas Danang ya hau kan kujera. "Ashe duk memorin take so! Pak Gun, ka ga mai haɗama? Sai da ka juye mata tukunyar gaba ɗaya!"

Biyu saura minti ashirin da biyu aikin ya kai ɗari. Wayar gwaji da ke kan tebur ta yi ƙara, saƙo ya fita: gobe teku zai fara hawa ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Bu Winarsih ta fito da murmushinta na gaske, ta haɗa tafukanta a ƙirji.

"Pak Gun, na gode. Ka yafe mini maganar ɗazu, matsi ne ya yi mini yawa. Yanzu zan kira Jakarta in ce mun gode."

Na ci nasara, haka na faɗa wa kaina. Pak Gunarso ya miƙe ya rusuna mata. Da zai wuce ta gefena ya ce a hankali, "Nduk, zo mana."

Na bi shi zuwa matakala, inda warin fenti ke tasowa daga shagon ƙasa. Ya jingina da bango ya cire tabarau.

"Ɗari huɗu daidai ne," ya ce. "Ashirin da biyu ma daidai ne. Na karanta, na gane, na ji kunyar kaina. Yaushe kika gano?"

Na so in ce ɗazu. Ƙaryar tana bakina, amma ban taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba.

"Tun Laraba, Pak."

"Laraba." Ya maimaita kalmar a hankali. "Kwana uku ina tsaye gaban yara ina ƙara lamba, kina zaune kina kallona. Kwana uku mutane na can suna auna teku da ido."

"Nauyinka na ji, Pak. Ban san yadda zan..."

"Da Danang ne ya yi wannan shirmen, minti nawa za ki ɗauka kafin ki faɗa masa?"

Na sunkuyar da kai.

"Faɗa mini mana."

"Da tun ranar na wanke shi tas."

"To kin gani. Shi abokin aiki ne. Ni kuwa tsoho ne da ake lallaɓawa." Babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. "Ba laifinki ba ne ke kaɗai. Ni ma ban tambaya ba. Ku shida a ɗakin nan, ban juya na tambayi ko ɗaya ba, domin na saba ni ake tambaya."

"Kujerarka nake so ka riƙe, Pak. Shi ke nan abin da nake so." Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba.

"Kujerar da sai na tafi masallaci ake yin aikinta?" Ya mayar da tabaransa. "In na karɓi godiyar nan, gobe duk sanda ta yi kuka Danang zai ce a juye mata duka, tunda haka Pak Gun ya yi. Ke kuma ki jira wata Juma'ar."

Na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi ba. "Don Allah Pak, ka bar shi haka. Babu wanda ya sani."

"Ni na sani, Nduk."

Ya zare hannunsa a hankali, ya koma ciki, ya ƙwanƙwasa ƙofar gilashi. Ina hango su daga bakin matakala. Bu Winarsih ta nuna masa kujera, ya ƙi zama. Ya yi magana kamar minti biyar, ita tana girgiza kai, shi yana murmushi yana ci gaba. Sau ɗaya ta ɗago ta dube ni ta cikin gilashin. Da ya fito ya koma teburinsa, ya buɗe fayil ɗin, ya ƙara layi ɗaya a saman lambobin biyu: Kinanti ce ta gano wannan, kada a ƙara memori ba a tambaye ta ba. Sannan ya kulle allonsa, ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, ya sauka tun la'asar ba ta yi ba.

Ranar Asabar saƙo ya fita a kan lokaci, Lahadi ma haka. Na kira shi sau uku, matarsa ta ce yana bayan gida yana gyaran kejin tsuntsayensa, zai kira ni.

Litinin da safe na tarar teburinsa babu kofi, babu hula. Bu Winarsih ta kira ni ta ce Pak Gun ya nemi hutawa da kansa, ta roƙe shi ya ƙi, kuma ya ce babu buƙatar a nemo kowa daga Jakarta. Ta ce in kwashe kayana in koma wurinsa. Na tsaya a gaban kujerar nan raina a jagule, ina jin kamar in fita da gudu. Duk abin da na yi, na yi ne don kada wani ya raba shi da ita, sai ga shi ni ce na karɓa. Mas Danang bai yi tsokana ba ranar, ya dai ɗauko mini kwamfutata ya ajiye. Na zauna, domin ƙarfe takwas ta yi kuma aikin safe yana jira a kunna shi.